Baƙon Ikko da Rafin Bayan Furfuri

Ni dai ba a yi ni don zama ba. In na yi minti goma a wuri ɗaya sai ƙafata ta fara rawa. Shekara biyu bayan an ba mu jiha, lokacin Gusau ta cika da baƙi, ina kabu-kabu tsakanin Tudun Wada da kasuwa, kuma na tsani aikin: ɗauki wannan, sauke wancan, titi ɗaya kullum. Baƙin nan ne suka cece ni. Ma'aikata aka turo daga ko'ina, ko hanyar Bungudu ba su sani ba, ga shi aikinsu na ƙauye ne. Masu allurar shanu, malaman gona, masu duba rijiyoyi, har da wani Bature da ya zo kallon dutsen Kwatarkwashi ya kafe sai ya ga ruga. Ni kuwa na san dajin, don na daɗe ina bin kawuna sayen awaki kasuwa-kasuwa. Sai ya zama duk baƙon da ke son shiga inda mota ba ta zuwa, ni ake nemowa. In goya shi a mashin mu yi kwana biyu ko uku, ina nuna masa inda ake tsallaka rafi da inda ake sauka a gai da dattijai.

Na kai mutane da yawa, akasarinsu na manta kamanninsu. Ɗaya ne har yau in na tuna shi nake jin haushin kaina.

A ƙarshen damina ya zo, gero ya nuna, ana jiran ruwan sallama. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, daga Ikko, fari siriri, da kwat da jakar hannu. Hausarsa a tsattsinke take, ta tsintuwa a kasuwa. Uwarsa yake nema. Ubansa mutumin Ilori ne, ya yi aikin reluwe a Gusau, ya auri wata Bafulatana mai kawo nono tashar jirgi. Aure ya mutu, aka canja wa uban wurin aiki, ya tafi da ɗansa yana shekara huɗu. Sai da uban ya zo mutuwa ya gaya masa danginta suna kiwo tsakanin Tsafe da Bungudu. Kwana uku kacal yake da su a Gusau, na huɗu dole ya hau motar kudu da sassafe.

Na ce, "Yallaɓai, tsakanin Tsafe da Bungudu ai duniya ce guda. Gusau ɗin nan ma tana ciki."

Ya ce ya sani, mu dai gwada.

Rana ta farko muka bi bayan Tsafe. Hanya duk laka, mashin na wutsil-wutsil, shi kuma ya riƙe min ciki kamar zai fasa ni. Ruga huɗu muka shiga. Kowace da muka je sai a yi mana sannu da zuwa, a ba mu ruwa, a ce ba a san wannan mata ba, amma mu gwada can gaba. Can gaba ma a ce can gaba. Wani tsoho har cewa ya yi shanun da ke tsaye a bayansa ba nasa ba ne, alhali ba wanda ya tambaye shi shanu. Nan na waiwaya na dubi baƙona da kyau. Ga kwat, ga jaka, ga ɗan littafi a hannu, duk abin da aka faɗa sai ya rubuta. Kai! Ashe tun safe gwamnati nake yawo da ita a bayan mashin.

Na ce, "Yallaɓai, don Allah rufe littafin nan. Sun ɗauka shanunsu ka zo ƙirgawa. Ko uwarka na cikin bukkar can ba mai nuna maka."

Ya sa littafin a aljihu. Rana ɗaya ta tafi a banza, kuma laifina ne, don ni ya kamata in gani tun a Gusau.

Kashegari na ba shi jallabiyata da hula, muka bar jakar a masauki. Na kuma daina bin maza. Labarin mace wurin mata yake. Muka nufi Bungudu, gindin bishiyar da masu nono ke zama a gefen kasuwa. Na tsuguna na sayi fura, na sha, na yaba, na tsokani wata da cewa ta tsuga ruwa, ta zage ni tas. Sannan na kawo maganar. Sunan da uban ya ba shi bai amfana komai ba, don rabin matan dajin nan sunansu ke nan. Sai da na ce mutumin tashar jirgi ta taɓa aura, wata tsohuwa ta ajiye ludayi.

Ta ce, "Wadda mutumin jirgi yat tahi da ɗanta? Tana nan da ranta. Bayan Furfuri, in kun ƙetare rafi, rugar ƙanenta."

Ta ɗaga kai ta dubi baƙona, ta daɗe tana dubansa. Shi kuwa ya zauna a ƙasa daɓas, cikin jallabiyar tawa.

Ya so mu tafi nan take. Na ce a'a, rana ta yi, kuma ba a zuwa irin wannan wuri hannu rabbana. Muka sayi goro da gishiri da turmin atamfa, muka koma Gusau.

Rana ta uku tun da muka wuce Furfuri nake kallon gabas. Hadari ne ya haɗu can nesa, baƙi ƙirin. Rafin nan na san halinsa. In ka zo lafiya, yashi ne da ruwa iya idon sawu. In aka yi ruwa can sama, ko ɗigo bai sauka a kanka ba, cikin awa ɗaya zai cika ya kawo baki, kuma sai ya kwana biyu bai janye ba. Muka sauka muka tura mashin muka haye. Na ce masa, "Yallaɓai, gaisuwa za mu yi mu juyo. Ka ga sama."

Na kashe mashin nesa da bukkoki kamar yadda ake yi, muka yi sallama. Ƙanen nata ya fito, dattijo dogo da sanda. Ban gama bayani ba ya ɗaga min hannu, ya ce ba sai na ƙarasa ba, ya ga fuskar. Ya kama hannun baƙona ya ƙi saki. Aka shimfiɗa tabarma, aka aika kiranta.

Ta fito, ƴar ƙaramar tsohuwa, tana tafe a hankali. Daga nesa ta hango shi, ta tsaya cak. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zo ta zauna a gefe, ta ba shi kafaɗa. Ni ta duba.

Ta ce, "Sannu ɗan nan, kun sha hanya. Baƙon naka ya ci abinci?"

Na ce, "Ya ci, Inna."

"Yana da iyali?"

Baƙona bai jira ni ba. Ya matso a kan gwiwoyinsa, ya ce, "Inna, ni ne. Ni ɗanki ne."

Ta miƙe ta shige bukka. Can ta dawo da ƙwarya cike da kindirmo da fura, ta dire a gabana, ni, ta koma ta zauna yadda take. Ya ciro hotunan ƴaƴansa uku ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Wata ƴarta ce, ƙanwarsa ke nan da bai taɓa sanin akwai ta ba, ta karɓa tana dariya tana hawaye. Tsohuwa ta sake ce min, "Ka ce da baƙonka ya sha."

Ina ganin fuskarsa tana canjawa. Na gani sarai. Amma idona ɗaya na kansa, ɗaya na gabas, ga iska ta fara kaɗa ganyen dawa, ga cida can ƙasa-ƙasa. Zama ya gagare ni. In tashi in duba taya, in dawo, in sake tashi. Dattijo ya ce mu kwana, har an kamo rago. Na ce, "Baba, motarsa gobe da sassafe ne. In ba mu haye yanzu ba sai jibi."

Baƙona ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. A hankali ya ce min, "Mu tafi. Ba ta so na."

Wallahi na ji shi. Da kunnena na ji. Kuma ban ce komai ba, don abin da nake so ke nan, mu tafi. Na ce a raina ma yi magana a hanya. Ya ajiye atamfa da goro a kan tabarma, ya yi wa kawunsa sallama, ya ce da ita sai wata rana. Ba ta juyo ba.

A rafi muka iske ruwa ya kai gwiwa, ya fara ja. Da kyar muka fitar da mashin, kuma muna hayewa ya ƙi tashi, ruwa ya shiga fulogi. Na zauna ina kwancewa, ina gogewa, ina masifa ni kaɗai. Na fi rabin awa a kai. Shi yana tsaye ya juya wa rafin baya. Can ya ce, "Shekara talatin da shida. Ko kallona ba ta yi ba."

Na ce, cikin faɗa, ko ɗaga kai ban yi ba, "Haba Yallaɓai! Ba kai ne na farinta ba?"

Ya ce shi ne.

Na ce, "To ai shi ke nan. Wace uwa ce ke kallon ɗan fari a gaban mutane? Bare Bafulatana. Ba ta kiran sunanka, ba ta yi maka magana kai tsaye, ko mutuwa za ta yi. Kunya ce. Mu ma nan haka, tsohuwarmu har gobe ba ta ambaci sunan yayanmu ba. Furar da ta ajiye gabana taka ce. Duk tambayar da ta yi min kai take wa. Da ka kwana, in mutane sun watse, ta bakin ƙanwarka za ka ji komai."

Ya zagayo ya tsaya a gabana. Ya ce, "Ka san wannan?"

Na ce, "Kowa ya sani mana."

"Ni ban sani ba. A can ka sani, lokacin da na ce ba ta so na?"

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. An ba ni mutum in nuna masa hanya, na nuna masa laka da rafi, abu ɗaya da ya zo dominsa na bar shi ya wuce shi.

Ya ce, "Mai da ni."

Muka juya. Ina! Rafi ya kawo baki, ja wur, yana tafe da kara da rassan itace, yana ruri. Ya fara naɗe jallabiya zai shiga. Na riƙe shi ta baya da duk ƙarfina, na ce ko saniya ba ta shiga wannan ruwa. Yana fizga, ina riƙewa. Sai na ji jikinsa ya saki.

Ga tsohuwar tsaye a waccan gaɓar. A ƙafa ta biyo sawun mashin tun daga ruga, ita kaɗai, ba takalmi, da hotunan nan uku a hannunta. Mayafin ya zame zuwa kafaɗa. Ba dattijo, ba ƴa, ba kowa nata a wurin, kuma kallonsa take, ido cikin ido.

Ya ƙwalla, "Inna!"

Ƙarar ruwa ta fi ƙarfin muryarsa. Ban sani ba ko ta ji. Ba ta amsa ba, ba ta kuma kau da kai ba. Ya cire hular ya riƙe a hannu don ta ga fuskarsa sosai. Yayyafi ya sauko, ba wanda ya motsa a cikinsu.

Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Akwai wata hanyar?"

Na san dajin nan ciki da bai. Na lalubi kowace mahaya da na sani, sama da ƙasa, na ce masa babu.

Ruwan bai janye ba sai bayan kwana biyu, lokacin yana Ikko.