Kunnen da Ke Bayan Taga

Duk mai ƙaramin babur a unguwar ya san Mai Kunne. Sunansa na yanka kuwa, in ka cire matarsa, ban ga mai tuna shi ba. Garejinsa rumfar kwano ce jingine da bangon gidansa: benci ɗaya, tsohon faranti da yake wanke ƙananan ƙarafa da fetur a ciki, sai sukundireba mai jan hannu da ba ya ba kowa aro, ko da limami ne.

Ba ya faci, ba ya fenti. Kafireta ce aikinsa, wato inda iska da mai ke haɗuwa kafin su shiga inji. Zai kwance ta, ya wanke, ya hure 'yan ramukanta da baki, ya mayar. Sai ya tada babur, ya durƙusa, ya rufe ido, yana juya ɗan sukurun iska kaɗan-kaɗan. In wani ya yi magana a lokacin, harara ɗaya ta ishe shi. Abin da yake nema shi ne sulo, wannan ƙaramar ƙara da inji ke yi in yana tsaye, ba ta rawa, ba ta haki. Da ya same ta sai ya buɗe ido ya ce, "Ya yi." Tun yana saurayi har furfura ta cinye gemunsa, ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma yana ji da wannan fiye da yadda ya kamata.

To, bana sai abubuwa suka fara canzawa. Ya ce wa matarsa babura na yanzu ba su da murya. Ya ce mutane sun koyi magana ciki-ciki. Ita dai tana ɗakin da tagarsa ke kallon rumfar, kan keken ɗinkinta, inda ta zauna tun zuwanta gidan. Ba ta yi musu ba, sai dai ta ƙara ɗaga murya in za ta kira shi cin abinci.

Wata safiya ungozomar unguwar ta turo baburinta, wanda ya gyara mata kwanan baya.

"Baba, ka yi haƙuri, na dawo. In na tsaya a mararraba sai ya riƙa ja da kansa. Jiya saura kaɗan in hau ƙafar wata tsohuwa."

Maganar ta soke shi, amma ya daure. "Kawo shi, 'yata."

Ya ɗora babur kan sandarsa ta tsakiya, ya tada. A kunnensa sulon daidai yake, ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Sai idonsa ya sauka kan tayar baya. Tana ta juyawa a iska, ba wanda ya taɓa totur. Ya daɗe yana kallonta. Ashe duk watannin nan ƙara wa inji wuta yake yi har sai ƙarar ta iso kunnensa, sannan ya ce ya yi. Babura ba su rasa murya ba, shi ne ya rasa ji. Tsoro ya kama shi, don ba shi da wata sana'a, kuma ba zai saki babur da ke iya take mutum ba. In haka ne, rumfar ta rufu ke nan.

Ya sassauta sukurun. Tayar ta rage gudu, ƙarar kuma ta ɓace masa gaba ɗaya. Ya tsaya da sukundireba a hannu, bai san ko gaba zai yi ko baya ba.

Keken ɗinki ya yi shiru. Matarsa ta leƙo ta taga.

"Malam, ƙara sauke shi," ta faɗa da ƙarfi.

Ya ɗago. "Ke kuma yaushe kika zama makanike?"

"Tun ina amarya kake cika mini kunne. Sauke shi dai. Yawwa. Yanzu yana tari, ba shi iska kaɗan."

Ya so ya yi gardama, da yake halinsa ne, amma hannunsa ya riga ya bi. Ya juya kaɗan. Ta karkata kai, ta rufe ido, daidai yadda yake yi. Ungozoma ta kau da fuska tana murmushi.

"Ya yi," in ji matar.

Tayar ta tsaya cak. Ya ɗora tafinsa kan kujerar babur. Injin na bugawa a hankali, daidai-wa-daida, irin bugun da ya ƙare rayuwarsa yana nema. A tafin hannunsa yake jin sa, kunnensa kuwa shiru.

Bayan ungozoma ta tafi, ya je gindin tagar.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da ka daina faɗa in yara suna surutu."

Ya kalli sukundirebarsa, ya kalli tagar. Sannan ya janyo bencin daga inda yake tun kafa rumfar, ya kawo shi dab da bango.

"Gobe ki bar tagar a buɗe," ya ce.

"Malam, ai ban taɓa rufe ta ba."