Yadda Matata Ta Kai Ƙafata Gaban Lokotoro

Ƙayar dabino ce ta soke ni a ƙwauri, ranar da na hau gyaran wata bishiya a kwarinmu. Shekaruna talatin ko kusa da haka, zamanin Nasara ne, ƴan shekaru kafin babban yaƙinsu na biyu. Ƙauyenmu yana tsakanin jigayi, tafiyar yini da rabi daga Gure in a kan takarkari ne. Lambu muke yi a ƙasan kwarin inda ruwa yake kusa, muna shuka albasa da alkama da barkono a ƙarƙashin dabinon da kakana ya dasa. Na zare ƙayar da hannu, na shafa wa wurin yawu, na ci gaba da aikina.

Bayan mako biyu wurin ya kumbura ya fashe. Wanzami ya zo ya tsaga, ya barbaɗa garin bagaruwa. Malaminmu ya yi rubutu na sha. Kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma mikin ya yi ta faɗi har ya kai faɗin tafin hannun yaro, ya zama gyambo. In na tsaya a gindin jigo ina ɗebo ruwan ban ruwa, sai ƙafar ta riƙa zogi kamar ana hura wuta a cikinta.

Matata Bamanga ce, ƴar wajen Kelle, gajeriya, mai saurin tafiya da saurin baki. Hausa take yi da ni, amma in ranta ya ɓaci sai ta koma harshensu na Barbarci, wanda nake ji rabi da rabi. Wata safiya tana kore mini ƙuda daga ƙafar, ta ce, "Malam, an ce akwai gidan likita a Gure."

Na ce, "An kuma ce ƙafa suke yankewa."

"Wa aka yanke wa?"

Na lalubi sunan mutum ɗaya, na rasa. Sai na fito da ainihin abin da nake tsoro. Na ce in suka rubuta sunana a littafinsu, gobe gardi, dogarin Nasara, zai zo ya tasa ni aikin hanya na tilas.

Ta dubi ƙafar, ta dube ni. Ta ce, "Da wannan? To su tasa ka, mu ga ko za ka kai bakin gari."

Washegari ta aro takarkarin wanta, ta ɗaura salkar ruwa da ƙullin gumba, ta sa aka ɗora ni. Ita ta ja igiyar tun daga ƙauye har Gure, ƙafarta tana nutsewa cikin rairayi, ba ta yarda ta hau ko sau ɗaya ba.

Gidan likitan ɗaki biyu ne na ƙasa kusa da bariki, da rumfa a gabansa. Muka tarar da ƙofa a rufe. Wani tsohon gardi da ke zaune a inuwa ya gaya mana babban likita, wanda suke ce wa lokotoro, ba a Gure yake zaune ba. A Damagaram yake, jefi-jefi yake zuwa rangadi. Wanda ke riƙe da wurin kullum shi ne majo, mai wanke miki da ba da magani, shi kuma ya fita ƙauyuka yin lamba, wato rigakafin cutar agana.

Matata ta ce, "Baba, yaushe zai dawo?"

Ya ce, "Ƴata, ni ma sai na gan shi."

Muka sauka gidan goggonta, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bayan kasuwa. Kwana uku muna zuwa muna tarar da ƙofa yadda take. A rana ta huɗu na ce albasa ba ta jiran kowa, muka koma gida. A hanya da takarkarin kawai take magana.

Mun yi kusan wata a gida, ƙafar tana ƙara wari, har na daina shiga sahu a masallaci, ina sallah a gefe don kada in cuci mutane. Sai wasu fatake masu kanwa suka yada zango a kwarinmu, suka ce sun ga ƙofar gidan likita a buɗe. Ba ta ma tambaye ni ba. Na ga dai takarkari a ƙofar gida.

Wannan karon mutane muka tarar cike da rumfar har waje. Ana fara duba sojoji da gardawa da ma'aikatan bariki da iyalansu, sannan a waiwayi sauran jama'a. Kafin layi ya iso kanmu rana ta take, aka rufe. Kashegari muka yi sammako, muka sami wani gardi daban, saurayi mai jar hula, ya ce mutumin ƙauye ba ya shiga sai da takarda daga fada. Muka je fada, aka ce magatakarda ya bi kumandan, Baturen mulki, rangadi. Har yau ban sani ba ko da gaske akwai wannan doka, ko saurayin ne ya gaji da yawan mutane.

Na ce mu koma. Ta ce, "Kai dai ka koma in kana iyawa. Ƙafar nan tana nan Gure." Ta sami mai zuwa wajenmu ta ba shi takarkarin, da saƙo ga wanta ya taimaka da ban ruwa. Ni kuwa ba na iya taka ƙafa ko zuwa bakin kasuwa, sai na zauna a zauren goggo ina taya ta tsince kalwa.

A bakin rijiya al'amarin ya warware. Matata ta je ɗibar ruwa ta tarar da wata baƙuwa, doguwa, mai ɗaurin zane irin na mutanen bakin teku, tana fama da guga, igiya ta goge mata tafin hannu. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Barbarci. Matata ta karɓi gugan ta cika mata tulu, ta ɗora mata. Kashegari ta bi ta gida ta nuna mata yadda ake surfa gero, don baiwar Allah ba ta san shi ba, rogo da masara ta sani. Da hannu da ido suke hira, su yi ta dariya. Matar majo ce. Matata ta sha rantse mini cewa ba ta san matar waye ba sa'ad da ta karɓi gugan. Nakan ce na yarda, ita kuma ta san ban yarda ba.

Bayan kwana biyar, da la'asar, aka yi sallama a ƙofar zauren. Wani siririn mutum ne baƙi, da farar riga mai maɓallai da tabarau. Majo ne da kansa, matarsa ta turo shi. Hausarsa gutsi-gutsi ce, kamar ana jefo tsakuwa ɗaya-ɗaya. Ya durƙusa ya kwance tsumman da na ɗaure ƙafar, bai ko yamutsa fuska ba. Ya ce, "Wata nawa?"

Na ce huɗu.

Ya girgiza kai. "Me ya sa ba zuwa?"

Matata ta buɗe baki za ta ba shi labarin ƙofa da layi da fada, goggo ta taɓa ta. Ni na ce, "Ranka ya daɗe, takarda aka ce."

Ya ce, "Takarda babu. Ƙafa kawo, gobe."

Tun daga ranar kullum safiya matata da wani maƙwabcin goggo suke tallafa ni zuwa rumfar. Majo yana wanke mikin da wani ruwa ja-ja mai duhu, kamar an jiƙa yakuwa, ya naɗe da farin ƙyalle. Ƙyallen ba shi da yawa, don haka sai ya ba matata na jiya ta tafasa ta shanya ta dawo da shi. Wata rana maganin ya ƙare, sai da ruwan gishiri ya yi ta wankewa har aka aiko da wani. Shi kaɗai ne a wurin, shi ne mai allura, shi ne mai rubutu, shi ne mai cire haƙori. Warin ya ragu, amma mikin ya ƙi haɗewa. Ya ce akwai ruɓaɓɓen nama a ciki har kusa da ƙashi, wannan aikin lokotoro ne, mu jira.

Mun jira fiye da wata guda. Matata ta shiga sayar da daddawar goggo a kasuwa don mu ci, ta yi ƙawaye, ta san gidan kowa. Ni na ƙware a tsintar kalwa har goggo ta ce in ƙafar ta ƙi, ta ɗauke ni aiki.

Ranar da lokotoro ya iso, tun da hantsi gari ya ɗauka. Bature ne ja, mai gemu, ga alamar gajiya a idonsa. Kwana biyu kawai zai yi. Majo ya sa ni cikin na farko. Aka kwantar da ni a kan wani dogon teburi, matata ta kutsa ta shigo, gardi ya kasa tare ta. Lokotoro ya danna gefen mikin, ya yi magana da Faransanci, yana nuni da hannu kamar mai kankare ƙwarya. Majo ya nemi kalmar Hausa ya rasa, sai ya ce, "Za a yanke."

Ban gama jin maganar ba, sai na ji an rungume mini ƙafa. Matata ce ta kwanta a kanta da dukan jikinta, tana zuba Barbarci kamar ruwan sama. Tsohon gardin nan yana juya wa majo da Hausa, majo yana juya wa lokotoro da Faransanci, kafin su gama jimla ɗaya ta yi biyar. Abin da na tsinta shi ne, ita ta kawo ƙafar nan da gashinta da farcenta, kuma haka za ta mai da ita.

Da lokotoro ya gane, sai ya yi dariya har ya share ido. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali ya nuna mata, ya kankari gefen teburin kaɗan da shi, ya nuna mikin. Sannan ya dafa ƙafata daga gwiwa har yatsu, ya nuna ta, alamar tata ce. Ta saki a hankali, amma ba ta fita ba. Ta koma ta riƙe mini kai. Zafin da na sha ranar ban taɓa shan irinsa ba, na ciji hannun rigata har ya yage, ita kuwa tana ta karanto mini duk addu'ar da ta iya a kunne.

Ba kowa ya yi sa'ata ba. Akwai wani Bafillace da muka saba da shi a rumfar, ya kawo mahaifiyarsa mai ciwon ido daga nesa, ya koma duba shanunsa da ita kwana uku kafin zuwan lokotoro. Da suka ji labari suka dawo, motar lokotoro ta riga ta kama hanyar Damagaram. Na ga tsohuwar zaune a gindin rumfa tana tambayar ko Baturen zai dawo gobe. Majo ya sa mata magani a ido, abin da yake da shi ke nan.

Mikina ya fara cikowa da jan nama, ya haɗe bayan mako shida, ya bar tabo mai sheƙi da ɗan ɗingishi da nake yi har yanzu. Ranar da za mu tafi matar majo ta rako mu har bayan gari, ta ƙulla wa matata ƴaƴan gwanda a bakin zane, suka rungumi juna suna kuka, kowace da harshenta.

Da muka hango kwarinmu na ce a sauke ni, na gangara da ƙafata. Rabin albasar ta bushe, tsuntsaye sun gama da alkamar. Surukina, wan matata, yana tsaye yana sosa ƙeya. Matata ta zaga lambun kaf, sannan ta dawo ta miƙo mini igiyar jigo.

Ta ce, "Malam, ka huta wata uku. Bismillah."