Ruwan Leda a Majalisar Malam Sabo

Ku da kuka fara aiki yanzu, akwai wata ranar kasuwa a Gwiwa da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin ina jami'in wayar da kai a sashen lafiya, iyalina suna Kazaure, ni kaɗai a ɗakin haya. Aikina bayani ne kawai, ba na duba marar lafiya, amma kowa likita yake ce mini.

Abin da ya riƙe ni a garin shi ne majalisar Malam Sabo mai shagon lemo. Bayan la'asar ake zama. Duk wanda ya iso, wani zai ce, "A ba shi mai sanyi." Da haka ake nuna kai na gida ne.

Da aka ɗora wa lemon kwalba haraji, shugabar sashenmu ta kira ni. "Malam Habu, ka ɗauki lasifika ka shiga kasuwa. Ka gaya musu don rage ƙiba da ciwon sukari aka yi."

Na ce, "Ranki ya daɗe, a nan fa teɓa alamar hutu ce."

Ta ce, "Shi ya sa na tura ka."

Na je na yi, har da zaƙewa. Ina tsaye daura da shagon Malam Sabo na ce gara ma kuɗin ya ƙaru, ko mutane sa haƙura.

Da yamma na tafi majalisa, na shirya wa musu. Babu wanda ya yi musun. Aka matsa mini a benci, aka gaishe ni da kyau. Malam Sabo ya miƙa wa kowa kwalba, ni kuma ya kawo mini ruwan leda a faranti, da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga naka. Ba ma so mu cuce ka."

A da shi kam Habu yake ce mini, gatsal. Hira ta koma gaisuwa. Wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Bayan kwana kaɗan na daina zuwa, kuma ba a aiko nemana ba.

Abin da na faɗa gaskiya ne, ko yau zan maimaita. Amma ku sani, mutanenmu ba sa korar ma'aikaci da faɗa. Girmama shi suke yi har ya rasa wurin zama.