Ƙafar Barewa, Igiyar Jaki

Shekarar da aradu ta faɗa wa tsamiyar ƙofar gidanmu a Furfuri ta tsaga ta biyu, a shekarar ne kakata Inna Yalwa ta dawo gidanmu da zama. Ban san lambar shekarar ba, don a lokacin babu mai boko a gidanmu. Ni kaina sai da gemuna ya fara fari na shiga ajin manya a Gusau na koyi riƙe biro. Abin da na riƙe shi ne haƙorana biyu na gaba sun faɗi, kuma mutane sun ce ba a ƙona icen da aradu ta taɓa. Inna Yalwa ta ce ice ice ne. Da ya bushe ta sa aka faskara mata, da shi take hura wuta a bakin ɗakinta bayan magariba, tana gasa mana sabuwar masara.

Mu shida ne jikokinta, amma ni take kira maigida. Idan na miƙa hannu kafin masara ta gasu sai ta buge shi da tsinke ta ce, "Ji min miji marar haƙora, da mi za ka ci?" Sai mun natsu take gyara zama don tatsuniya ta ce, "To, ta zo wucewa na tare maku ita." Mu ce, "Zaunar da ita, Inna."

Ta ba mu labarai da yawa, na manta rabinsu. Guda ɗaya ne ya ƙi barina.

Wai an yi wani saurayi, uwarsa maginiyar tukwane ce, dukiyarsu jaki guda. Ranar kasuwa shi ke ɗora tukwanen ya kai. A hanya samari kan yi tsere da jakunansu, shi kuma kullum shi ne na baya, don jakinsa ya san abin da ya ɗauko. Suka sa masa waƙa. Abin ya ci masa rai, ya tafi wurin wata tsohuwa a gindin dutse wadda ta iya sauya wa dabba ƙafa, ya roƙi a sa wa jakinsa ƙafafun barewa. Tsohuwa ta sa. A nan Inna takan ƙanƙance murya ta ce, "Sai tsohuwa tac ce mai, yaro, igiyar fa? Yac ce, igiya lafiya tata lau, Kaka, ƙafa ni zo nema."

Ranar kasuwa ya wuce kowa kamar iska. Da ya iso bakin kasuwa ya ja igiya. Igiyar kaba ce, an tufka ta ne don tafiyar jaki, sai ta tsinke. Jaki ya wuce kasuwa, ya wuce gari, ya faɗa kwazazzabo. Inna takan ƙirga da yatsunta masu toka: tukunya goma sha huɗu, tulu uku, jaki guda, da tuwon gidan uwarsa.

Wata rana na ce, "Amma Inna, ai shi ya ci tseren ko?"

Ta jefe ni da totuwa. "Kai, na sake ka! Ina ƙirga maka gawa kana tambaya ta wa yar riga isa?" Muka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba.

Na girma na zama bakanike. Shekara ashirin da wani abu ina ƙarƙashin motocin mutane a garejinmu na Gusau. Ƙanwata Hajara tana aure a Bungudu, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da ƙaramar mota mai fulogi huɗu. Babban ɗanta Sanusi ke jan ta, yana ɗaukar fasinja tsakanin Bungudu da Gusau. Duk abin da aka dafa a gidan nan daga tayar motar yake fitowa. Ni nake duba ta, na san kukanta kamar tarin ɗana.

Sai samarin gari suka tsiro da tseren mota. Ba fili aka ware ba, ba hukuma ce ta shirya ba, titin da kowa ke bi suke hawa ranar Lahadi da la'asar. Sauran kwanaki kuma su cika bencin garejinmu da gardama, kowa da waya a hannu. Wannan ya ce injinsa ƙarfin doki kaza ne, wancan ya ce nasa ya fi. A yi ta auna mai fulogi huɗu da mai shida, mai giyar hannu da mai canza kanta, a huda salansa don ƙara ta yi yawa. Wata uku ina jin su, ban taɓa jin bakin da ya ambaci birki ba.

Abin haushin, motar Sanusi ba ta baya ba ce. Ba ta da nauyi, giyar hannu ce, tana tashi da wuri. A hanyar Bungudu, inda akwai kwana da tudun rage gudu, sau biyu tana barin babbar motar wani ɗan Alhaji mai suna Nura a baya, don kafin ƙatuwar ta tattara jikinta daga kwana ƙaramar ta yi nisa. Amma a hanyar Tsafe akwai miƙaƙƙen wuri mai tsawo, can mai fulogi shida ke buɗe wuta ta wuce shi kamar yana tsaye. Wannan ba abin kunya ba ne, kowace mota da inda aka yi ta domin shi. Nura ne ya laƙaba wa motar suna keken ɗinki. Idan Sanusi ya shigo sai su ce, "Tela, a ɗinke mana riga!"

Wata rana Sanusi ya same ni ina wanke hannu da fetur.

"Kawu, na samo inji mai fulogi shida. So nake ka ɗora min."

"A wace motar?"

"A tawa mana."

"Taka ko ta uwarka?"

Ya ce, "Kawu, kai ba ka san yadda abin ke da ciwo ba."

Na zaunar da shi. Na ce masa birkin motar nan da tayoyinta an auna su ne da ƙaramin inji. Ka ƙara nauyi a gaba, ka ƙara gudu, birkin zai yi zafi ya saki a lokacin da ka fi bukatarsa. Har labarin Inna Yalwa na ba shi, tun daga tukwane har kwazazzabo. Ya kwashe da dariya ya ce, "Allah ya jiƙan Inna, amma ai jaki ta sani, ba ta taɓa shiga gaban mota ba." Na ce hannuna ba zai taɓa aikin nan ba.

Ya kai wani gareji. A kwana uku suka yanka, suka yi walda, suka cusa injin. Birki da taya suka bar su yadda suke, don aikin inji aka kawo musu, ba a ce su duba ƙasa ba. Haka da yawanmu ke aiki, kuma muna kiran kanmu masu sana'a. Tsohuwar cikin tatsuniya ma ta fi su, ita ko ba komai ta tambayi igiya.

Ni ma ban fita ba. An san ni da haƙuri, sai na yi haƙurin da bai kamata ba. Bungudu ba nisa, da na je na faɗa wa Hajara ta karɓe makulli. Na ce yaro ne, zai gane da kansa, kada in tayar wa uwar marayu hankali.

Lahadi ta biyu suka hau hanyar Tsafe. Sun yi zuwa biyu suna taka birki da ƙarfi suna juyowa. A na uku wani manomi daga wajen Mada ya taso daga gona da shanun huɗarsa biyu a ɗaure da karkiya, yana tsallaka titi. Sanusi ya hango su da nisa, shi ya faɗa mini da bakinsa. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa bai kama ba, mota ta afka wa shanun. Manomin Allah ya kiyaye shi. Shanun kuwa nan take aka nemi wuƙa, ɗaya ma ba a same shi da rai ba.

A asibiti na tarar da samarin a tsaye a baranda. Hajara na ciki tana kuka, likita na neman wanda zai sa hannu a yanke wa Sanusi ƙafa. Ni na sa, kuma shi ne karo na farko da na rubuta sunana a takardar da ba ta aji ba. Da na fito sai na ji wani yana cewa, "Amma wallahi kafin shanun nan shi ne a gaba. Injin ya yi."

Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Ban buge shi ba. Muryata na ji a bakinsa, muryar yaro marar haƙora a bakin wuta. A ranar na gane abin da ya hana Inna dariya. Ashe ta san za mu girma da wannan tambayar, mu bar jaki mu hau ƙarfe, tambayar tana nan yadda take.

Har yau suna zama a bencin. Yanzu duk wanda ya fara lissafa mini dawakan injinsa, ce masa nake ya kwanta ƙasa mu duba birki tukuna, in ya ƙi ya tashi mini daga benci. Suna cewa Kawu ya zama mafaɗaci. Na yarda.

Malaminmu na aji ya ce kowa ya rubuta abin da ya tuna na ƙuruciya, shi ya sa na rubuta wannan. Inna da yatsu take ƙirgawa, ni ga shi da biro: mota ɗaya, shanun huɗa biyu, daminar mutumin Mada, ƙafar Sanusi ta dama daga gwiwa, da tuwon gidan Hajara.