Farar Rigar Kawu

Yau na buɗe akwatin Kawu, shekara guda da rasuwarsa. Farar rigarsa tana warin magani har yanzu, don ma'aikacin asibiti ne.

Na tuna wata Lahadi za mu coci a Tambuwal, aka kawo masa wani makiyayi, maciji ya sare shi. Kawu ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Na ce za mu makara. Ya ce, "Gwamnati ta aje ni nan, ɗiyata, amma Yesu nika yi ma aiki." Makiyayin ya rayu.

Yanzu ni ma aikin asibiti nake yi, an tura ni asibitin ƙauye a Kebbe, inda ake satar mutane. Tsoro ya hana ni cin abinci, ga yarana ƙanana. Ubangiji, ka hutar da Kawu, ni kuma kada ka bar ni in gudu.