Shaidar Baffa a Ofishin Jinsiyya

Wata bakwai bayan na kare digiri na uku a kan ƙuduji, ciyawar da ke kashe mana dawa, wata jami'a a ƙasar waje ta ba ni gurbin bincike na shekara biyu a ɗakin gwaje-gwajenta. Farfesar da ta zaɓe ni ta ce in aika kwafin fasfona cikin mako uku, in ba haka ba gurbin zai koma ga wanda ke bi na.

Ba ni da fasfo, kuma ba a bayarwa sai da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Tawa ta ɓata tun shekarar da ruwa ya ci ɗakinmu, ba a kuma ga fayil ɗin ba. Ga irinmu masu asali daga yamma, sabuwa ba ta fita sai wani dattijo daga dangin uba ya shaida cewa a Sudan aka haifi kakanni. Mahaifina ya rasu. Saura wansa, Baffa, a ƙauyenmu kusa da Suki.

A ƙauyen aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Duk da haka bai taɓa yarda ya yi gini da jan bulo ba, domin a ganinsa mu matafiya ne da suka yada zango a hanyar Makka. Haka tsofaffinmu ke faɗa.

A mota, kan hanyarmu ta zuwa ofishin jinsiyya, na yi ta maimaita masa.

"Baffa, in jami'i ya tambaye ka daga ina muke, ka faɗi sunan ƙauye kawai."

"To daga ina muke da?"

"Kar ka kawo zancen hanya."

"Kai da ka karance ciyawa, yau ni za ka koya wa magana?"

Mun yi awa huɗu a kan benci kafin a kira mu. Jami'in matashi ne mai ladabi, har ruwa ya sa aka kawo wa Baffa. Da Larabci ya tambayi sunan uba da na kaka, Baffa ya jero su har shida. Ya tambayi inda aka binne uban da kakan, Baffa ya ce bayan babbar tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu. Alƙalami yana ta tafiya. Na fara sakin numfashi.

Sai jami'in ya tura masa Alƙur'ani, yana kiransa ammi, wato baffana.

"Ya ammi, ɗora hannu ka ce ku mazauna ƙasar nan ne tun kakanni."

Baffa ya dubi littafin, bai dube ni ba.

"Haihuwa dai nan aka haife mu. Amma zama, ba zan rantse a kansa ba. Kan hanya muke."

"Hanyar ina?"

"Ɗakin Allah. Kakana ya taso daga yamma, guzuri ya ƙare."

Jami'in ya ajiye alƙalami. Na ce tsufa ne, haka tsofaffinmu suke magana duka. Ya ce ya sani, ya sha jin irinta, amma an faɗa a gabansa da Alƙur'ani a kan tebur. Ya rubuta a saman fayil cewa a tura Khartum a bincika. Na tambayi tsawon lokacin. Ya ce wata uku, in an yi sauri.

A tasha Baffa ya sayi gyaɗa, ya miƙo mini rabi.

"Na ɓata maka, ko?"

"A'a, Baffa."

"Ƙarya kake. Amma da hannuna a kan Littafi, ɗana, me kake so in ce?"

Washegari na je shagon intanet na rubuta wa farfesar gaskiyar abin da ya faru, na roƙi ƙarin lokaci. Amsarta ta zo bayan kwana biyu, layi uku. Ta ce ta yi baƙin ciki, dokar gurbin ba a hannunta take ba, in sake nema baɗi.