Kunyar 'yar fari ta sa na bar ta a gidan mai

A lokacin da abin nan ya faru ina aikin jinya a wani asibiti, muna zaune a gidan haya a Gyadi-Gyadi, ni da maigidana da 'ya'yanmu uku. Ina ji da kaina a kan abu biyu, aiki da tarbiyya. A wurin aiki ba ni da wasa, ɗaliban jinya ma in suka ga ni ce a ɗakin marasa lafiya sai kowa ya shiga taitayinsa. A gida kuwa, musamman gaban dangin miji, ba wadda ta kai ni kara. Haka aka tashe ni, haka na ga mahaifiyata tana yi da babban yayanmu. 'Yata ta fari tana da shekara shida a lokacin, kuma sunan surukata aka sa mata, saboda haka ko sunan ban taɓa kamawa ba. In ina nemanta sai in ce ke, ko in aiki ƙaninta ya kira ta. In Hajiya, wato surukar tawa, tana wurin, ko kuka yarinyar take yi ba na ɗaga kai. Dangin mijina suna yabona, suna cewa duk bokon da na yi bai cinye mini kunya ba. Yabon nan yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai aka yi wa ƙanin maigidana haihuwa a garinsu, can gaba da Kwanar Dangora. Ba mu da mota. Maigidana ya ce ba zai kwashi tsohuwa da yara zuwa tasha a yi ta jiran lodi ba, sai ya ɗauki shatar wata mota mai layi uku, ta kai mu suna ta dawo da mu a ranar. Mutum bakwai take ci. Amma kun san halinmu, da an ji an yi shata kowa sai ya tuna yana da zumunci. Da muka biya Tarauni ɗaukar Hajiya, muka tarar da ƙanwar maigidana a ƙofar gida da yaranta huɗu, sun sha ankon atamfa irin wanda na ɗinka wa nawa, ga kulolin abinci, ga bokitin cincin. Direba ya ɓata rai ya ce ba haka aka yi da shi ba, maigidana ya ja shi gefe ya lallashe shi. Aka cusa yara shida a layin baya tare da kaya, ni da Hajiya da ƙanwar mijina muka zauna a tsakiya, autana a cinyata. Ba wanda ya tsaya ƙirga yaran.

Ba mu bar gari ba sai da rana ta take. Bayan mun wuce Kura direba ya tsaya a wani gidan mai, a sha mai a kuma yi azahar. Yara suka watse, wasu wajen mai rake, wasu wajen famfo. Da idona na ga 'yata ta ɗauki buta ta zagaya bayan masallaci inda banɗakin mata yake, akwai layi a wurin. Muna idar da salla direba ya fara danna oda, yana cewa shi fa ba ya son magariba ta same shi a hanya. Aka yi ta tura yara ciki ana cewa su matsa, su yi sauri. Aka rufe ƙofa, mota ta tashi.

Tun kafin mu hau titi jikina ya ba ni. Yarinyar nan bakinta ba ya hutawa, tun daga Gyadi-Gyadi take karanta duk allon da muka wuce, ga shi yanzu ban ji muryarta ba. Na waiwaya. Mata uku ne a cikin yaran, ɗankwali biyu na gani. Abin da ya rage kawai in buɗe baki in kira sunanta, ko in ce direba ya dakata. Amma kafaɗar Hajiya tana jingine da tawa. Sai na jefa tambaya a iska, na ce ko kowa ya shigo. Yara suka amsa a tare kamar a aji, suka ce e. Ƙanwar mijina, da yake bakinta bai iya shiru ba, ta ce lallai yau ga abin mamaki, 'yar farin ake nema a fakaice, ashe dai kunyar ta baki ce. Aka yi dariya. Hajiya ta yi murmushi ta ce a bar ta, ita wannan ba ta taɓa yi ba, ba kuma yau za ta fara ba. Shi ke nan aka ɗaure ni da jijiyar jikina. Na juya ina kallon gonakin shinkafa, ina gaya wa kaina ai ta kwanta ne a bayan kuloli, barci ya kwashe ta. Na fi rabin awa ina wannan ƙaryar, kuma na san ƙarya ce.

Hajiya ce ta tona. Ta buɗe jakarta ta ciro dabino, ta miƙa hannu baya tana kiran takwararta. Ba a karɓa ba. Ta sake kira. Ƙaninta mai shekara huɗu ya ce ai ta tafi banɗaki. Direba ya saki salati. Titin a rabe yake, sai da muka ƙara tafiya kafin ya sami wurin juyawa. Maigidana ya yi wa direba faɗa, ya yi wa ƙanwarsa, ya yi wa babban ɗanta da ya zauna kusa da yarinyar tun daga gida. Ni kaɗai ce ba a ce wa komai ba. Hajiya ma ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, tana cewa Allah zai tsare. Ban yi kuka ba. Ina zaune ina tuno yaran da ake kawo mana asibiti daga wannan titin a naɗe cikin zane, ɗaya bayan ɗaya, har da kalar zanen. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ban kuma taɓa raina kaina kamar haka ba.

Mun same ta a kan benci a rumfar wata mai sayar da abinci a gefen gidan man, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna. Matar ta ce yarinyar ta fito da buta a hannu ta ga mota tana fita, ta yar da butar ta bi mu a guje har bakin kwalta. Ita ce ta bar tukunyarta ta damƙo ta ta baya, tirela na wucewa. Takalmin yarinyar ɗaya ya faɗa titi. Ta zuba mata shinkafa, ta ƙi ci. Sai matar ta tambayi wace ce uwar. Ina tsaye, ban amsa ba, ƙanwar mijina ce ta nuna ni. Matar ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce Allah ya ba ni zuciya, ita da nata ne da tun mota ba ta tsaya ba ta diro. Yarinyar ta sauko daga benci, ta wuce ni, ta faɗa jikin Hajiya. Ko a lokacin ban ɗauke ta ba. Na yi wa matar godiya, muka shiga mota, muka je suna, har na ci tuwo.

Bayan kwana biyu ina yi mata kitso a tsakar gida, daga ni sai ita, ta tambaye ni ko ban ga ba ta cikin motar ba. Na ce ban gani ba. Ta ce amma ai na waiwayo lokacin da motar take fita, ta gan ni ta gilashi, har ta ɗaga mini hannu. Allah ne shaidata ban gan ta ba, kawunan yara nake dubawa. Amma na san ba ta ciki. Na ce ta gyara kanta kitso zai karkace, ta gyara, ba ta sake tayar da maganar ba.

Shekara takwas ke nan. Maigidana har yau a kan direba da cunkoso yake ɗora laifin, ni kuma ban gyara masa ba. Yarinyar ta girma, amma ranar tafiya ba ta shan ruwa, kuma in an tsaya a hanya ba ta sauka sai ta ga na sauka. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, ado ce. Sai dai tawa ta ranar ba don Hajiya na yi ta ba, don kada yabo ya kuɓuce mini ne. Da na kira sunan nan, iyaka a yi mini dariya ta kwana biyu. Ina roƙon iyaye, in kun yi shatar mota kada ku bari a loda muku yara kamar buhuna don gudun ɓacin ran dangi. Duk inda aka tsaya, uwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ga shigar kowane yaro da idonta, direba ya yi ta odarsa. In zuciyarki ta ce akwai wanda babu, ki faɗa da ƙarfi, ko gaban wa kike. Ni yanzu ina kiran sunanta a gaban kowa, har da Hajiya. Tana amsawa da ladabi, kamar yadda take amsa wa malamarta.